Dutsen Motar Baba

Ranar wata Alhamis ce, a shekarar da na fara azumi, Baba ya dawo Katuru daga kasuwar Shinkafi da mota a madadin shanunsa biyu. Ƙarama ce, ruwan toka, irin mai arahar nan da masu hali ba su ko kallo. Gari ya fito kallo, wani tsoho ya ƙwanƙwasa ƙofarta ya ce, "Alhaji, wanga gwangwanin madara ne ka sawo?" Aka yi ta dariya, sunan kuma ya bi ta.

Gwangwani ba ta tashi sai an tura, birkinta kuma ba ya riƙo, don haka Baba yake ajiye ta a gangaren ƙofar gida, a tokare ta da dutse. Bayan shara da surfe da kai fura gona, aikina shi ne dutse. Idan ya tsaya in saka shi bayan taya, idan zai fita in janye, yaran unguwa su bi ta da turi suna ihu har ta yi tari ta kama. Ina alfahari da dutsen nan kamar ni ce direba.

Da damina ta yi tsakiya, naƙuda ta zo wa Inna da gardama. Da hantsi aka kwantar da ita a kujerar baya za a kai ta asibitin Kaura. Na janye dutse, maza suka tura, motar ta gangara har ƙasa ba ta ce uffan ba. Aka sake turo ta sama cikin taɓo, sau uku. Inna ta leƙo ta ce mini, "Ɗiyata, tahi ki kwashe geron can, hadari na tahowa." Kafin in gama kwashewa na ji salati a waje. Baba bai sake taɓa motar ba, kaji suka yi ta ƙwai a cikinta.

Bana jikana ya sayi mota, na shafa tambarin goshinta na gane irin na Gwangwani ne. Sai ƙyalli take, cikinta sanyi, da yatsa ɗaya ake tayar da ita. Na tambaye shi ina yake ajiye dutsensa, ya yi dariya ya ce, "Kaka, ai motocin nan sun gyara hali, yanzu ba a tura su."

Tun da mutanen daji, 'yan bindigar nan, suka tashe mu daga Katuru nake zaune a Kaura. A Katuru maigidana yake kwance, kusa da Inna, kuma ko ɗakin da ya cika ban sake gani ba. Na roƙi yaron ya kai ni in yi ko yini ɗaya, ya sunkuyar da kai ya ce hanya ba ta biyuwa. Na yi kuka a kan kujera mai laushi. Motar ta gyaru a lokacin da ba ni da inda za ta kai ni.