Ranar da Muka Auna Hasumiya

A shekarun farko na ƴancin kai aka kawo mana sabon mushe, wato malami, a lakwal ɗinmu, makarantar boko ta Agadas. Saurayi ne dogo, siriri, kullum hannun rigarsa fari fat da alli. Mu kusan arba'in ne a ajin, mata biyar kacal, ni ce ƙaramarsu. Kafin zuwansa lissafi waƙa ce a wurinmu: a rera, a harɗe, a sha bulala.

Wata Litinin ya shigo, ko gaisuwa bai gama amsawa ba ya nuna taga.

"Hasumiyar babban masallaci, metir nawa ce?"

Aji ya kaure. Wani ya ce ɗari, wani ya ce dubu. Ɗan maƙeran da ke zama bayana ya ce a ba shi igiya kawai, zai taka itatuwan da ke jikinta ya hau.

"Babu mai hawa," in ji mushe. "Daga ƙasa za ku auna ta. Na ba ku kwana uku. Ni ma ban sani ba, ku nake jira."

Mushe bai sani ba! Wannan magana ita ta ruɗa mu. Kwana biyu ba mu da wata hira. Har rijiya aka aike ni, na dawo da tulu babu ruwa saboda tunani.

Ran Laraba ina zaune a tsakar gida, sai na ga kakata ta tsaya kusa da turken akuya tana duban ƙasa. Na tambaye ta abin da ta yar.

"Lokaci nake duba," ta ce. "In inuwar turke ta kai tsawon turke, la'asar ta kusa. Ɗauko mini buta."

Ban ɗauko butar ba. Na tsaya baki buɗe. In inuwar turke tana kai tsawon turke, to, a daidai wannan lokaci inuwar kome ma haka take! Na yi tsalle, na kewaye turken sau uku, akuya na bina da ido. Kaka ta ce a kira uwata, yarinyar nan ba lafiya ba.

Washegari na ɗaga hannu. Na fara da Faransanci, kalmomin suka watse mini. Lokacin kuwa laifi ne a ji Hausa a bakinka cikin aji. Mushe ya leƙa ƙofa, ya dawo, ya rage murya.

"Faɗi da Hausa, mu fassara daga baya."

Na faɗi. Ya buga tebur har alli ya tashi. "Wa ya koya miki?" Na ce kakata ce da turken akuyarta. Ya sa aji duka ya miƙe ya tafa wa kakata.

Da rana ya jera mu biyu-biyu, muka ratsa lunguna da sanda mai metir ɗaya da doguwar igiyar rijiya. Ya kafa sandar a fili, ya tsugunna gabanta da wandonsa mai guga. Muka zagaye shi muna kallon inuwa tana rarrafe. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wani dattijo mai rawani ya sauko daga raƙumi ya tambayi abin da ya ɓata.

"Yanzu!" mushe ya yi ihu, da inuwar sanda ta kai tsawon sandar.

Muka zuba da gudu, muka ja igiya daga gindin hasumiya muna bin inuwarta. Sai ga katanga. Kan inuwar ya tsallaka, ya faɗa cikin gidan mutane. Maza suka ja birki a ƙofar zaure, don gidan matan aure ne. Mushe ya juyo yana dariya.

"Ƴan mata, aiki ya zama naku. Maza-maza, inuwa ba ta jira!"

Aka jefa mana igiya ta bisa katanga, mu biyar muka yi sallama muka afka. Wata tsohuwa na tankaɗe a daidai wurin.

"Lafiya, ƴan nan?"

"Inna, inuwa muka zo aunawa. Don Allah ki ɗan gusa, kan hasumiya na cikin ƙwaryarki."

Ta dubi ƙwaryar, ta dube mu, ta fashe da dariya har gari ya zube mata a zane. Ita ce ta danne mana bakin igiyar da ƙafarta, na ƙulla alama. Ta cika mana hannu da dabino, ta ce gobe mu zo mu auna mata farin wata.

A waje muka shimfiɗa igiyar, muna aza sanda muna ƙirgawa da ƙarfi, har da masu kallo. Ashirin da bakwai da ɗan wani abu. Ɗan maƙeran ya rantse an cuci hasumiya, ai ta fi haka.

Da muka koma aji, mushe ya miƙo mini alli ya ce in rubuta amsar a babban allo. Ban kai ba, sai da ya jawo mini kujerarsa na hau. Bakina cike da dabino, na rubuta bakwai ɗin a juye. Bai gyara ba, kuma ya hana a goge har ƙarshen wata.