Takardar Sawuna

Ni dai har yau in na ji ƙaurin takarda a wuta, ƙafata ta dama sai ta yi sanyi. Muna yara, kullum in an idar da magariba, mu jikoki mukan zagaye murhun kakarmu Iya a gidanmu na Gwammaja, tana tuƙa tuwo tana ba mu tatsuniya. Ni takan kira ni Uwata, don sunan mahaifiyarta aka sa mini.

Ran nan da hantsi an aike ni wajen Ƙofar Kabuga, na tarar da wasu baƙi Turawa 'yan mishan sun tara yara, wai za a raba takalma. Ni kuwa ban taɓa mallakar nawa ba. Wata doguwar mata ta durƙusa, ta ɗora ƙafata a kan farar takarda, ta zagaye ta da biro, ta ninke ta sa a jaka. Tafinta ya ce mu dawo gobe. Na koma gida na yi shiru da bakina.

Sai ga shi da yamma Iya ta ce, "Ga ta nan, ku karɓe ta, mai gyangyaɗi ba shi da rabo." Wai wata yarinya ce wata tsohuwa ta ba ta dabino a hanyar rafi. Yarinya na wucewa, tsohuwa ta kwashe ƙasar sawunta a ƙoƙo. Tun daga ranar, da yarinya ta kwanta sai ƙafarta ta miƙe da kanta ta nufi daji. Uwarta ta riƙe, ubanta ya riƙe, ina! Rana ta uku aka tarar da tabarma ba kowa.

"Wanda ya riƙe sawunka," in ji Iya, tana nuna mu da muciya, "duk inda ya kira, sai ka je."

Na ture tuwon gefe. Da muka shiga ɗaki na cire ɗankwalina, na ɗaure ƙafata a jikin ƙafar gadon Iya, tam. Ta zo wucewa ta yi tuntuɓe da ni.

"Ke Uwata, akuya kika koma?"

Na fashe da kuka, na faɗa mata komai. Abin da ya fi tsorata ni, ba ta yi dariya ba.

Washegari ta yafa mayafi ta ja hannuna har Kabuga. Ta ce wa tafinta, "Malam, gaya mata na zo karɓar ƙafar jikata." Matar ta yi jajawur, ta dinga ba da haƙuri, ta lalubo takardar, ta haɗa da jan takalmin roba. Iya ta juya shi, ta shinshina, ta yi godiya. A gida ta cusa takardar a murhu, ta tsaya har ta zama toka.

"Takalmi nasu ne, sun ba ki, Allah ya saka musu. Sawu kuwa namu ne."

Yanzu na san matar nan alheri ta nufa, kuma takalminta ya raba ni da ƙaya shekara biyu. Amma ta taɓa ɗiyar mutane ba ta yi sallama da gidansu ba, ban kuwa manta daren ba. Shi ya sa in zan saya wa marayun layinmu takalman salla, ba na taɓa ƙafar kowa. Uwar yaro nake aika wa, ta karyo tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafar. In na dawo daga kasuwa, sai in mayar mata da tsinkenta.