Ma'aunin da Ya Nitse da Ogana

Shekara shida na yi a wani ofishin awon ƙasa a Abuja, kullum ina fitowa daga Lugbe ina shan cunkoson hanyar filin jirgi. Cunkoson bai taɓa gajiyar da ni kamar yadda ogana ya gajiyar da ni ba.

Aikinmu tattara alƙaluman da ake aiko mana daga bakin teku. Akwai wani ma'auni da aka kafe a jikin dakalin siminti inda jiragen ruwa ke tsayawa, shi ke nuna inda ruwa ya kai. Alƙalumansa suka yi ta hawa fiye da na sauran wurare. Oga har da taka rawa a ofis, ya samu abin da zai girgiza mutane da shi a babban taro.

Aka tura ni duba na'urar, na tarar lafiyarta ƙalau. Amma da na auna tsayin dakalin na gwada da tsohon awo, sai na ga shi kansa ya yi ƙasa. Unguwar da dakalin yake cike take da rijiyoyin burtsatse ana ta zuƙe ruwan ƙarƙashi, ga manyan benaye a kan ƙasa mai laushi. Teku yana tasowa, babu musu, amma ƙasar ma tana nitsewa, ma'aunin kuma ya haɗa duka ya ɗora wa teku. Kamar mai auna tsawon ɗansa a jikin garu ne, bai san garun ma yana zaunawa ba.

Na rubuta bayani shafi uku. Oga ya karanta a gaban ma'aikata yana dariya.

"Kai da bana ka fara ganin teku, kai za ka koya mini aiki? Cire wannan shirmen daga rahoto."

Bai tsaya nan ba, sai da ya rubuta a fayil ɗina na aiki cewa ina da taurin kai. Ƙarin girman da nake jira, wanda na riga na yi wa matata albishir da shi, ya wuce ni. Wallahi na ƙullace shi.

Ranar taro ni aka ba danna kwamfuta yana jawabi. Yana gamawa wata dattijuwa, malamar jami'a daga kudu, ta ɗaga hannu ta tambaye shi nawa ne na tasowar ruwa a cikin wannan hawan, nawa ne na nitsewar ƙasa.

Oga ya gyara hula, ya yi tari, ya sha ruwa. Sai ya sunkuyo wajena, gumi na bin wuyansa.

"Don Allah ƙanena, waccan takardar taka ta nitsewar ƙasa, kana da ita a nan?"

Tana cikin jakata, a kan cinyata.

"Ban zo da ita ba, oga."

Na zauna ina kallo malamar tana kwance masa aikin ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba. Aka janye rahoton, shi kuma aka mayar da shi wani ɗaki a ƙarshen baranda, inda ba mai kai masa ko fayil ɗaya. Nakan bi ta ƙofar da gangan in gaishe shi da fara'a.

Matata ta ce ƙarya na yi, in nemi gafarar Allah. Gaskiyarta. Ina istigfari bayan kowace salla a kan laifuffuka da yawa, amma wannan har yau ban sa shi a ciki ba.