Ofishin Aro na Yaya Lasifika

Yayata ce ta goya ni, don haka kunnena ya fi na kowa sanin dalilin da ya sa ake ce mata Lasifika. In ta ce "sannu da zuwa" a bakin tashar mota, mai facin taya da ke can ƙarshe yakan amsa. Tun mijinta na da rai take shara a tashar nan, ni kuma nan nake lodi da motata. Kullum ina ganinta da doguwar tsintsiya, tana tura ledoji da ɓawon lemo, tana yi wa direbobi faɗa kamar ita ta haife su.

Wani ɗan kwangila ne ya ɗauki masu sharar, mutum mai ƙamshin turare da ba ya ratsa tasha sai ya tattare wando. Ya raba musu wurin layi-layi, kowace da nata. Ba safar hannu, ba takalmi, ba hutu. Wadda ta kwanta ciwo, kafin ta miƙe an sa wata. Sai matan suka fito da dabararsu: in ɗaya ba ta zo ba, sauran su share mata layi kafin ya iso, don kada ya ga datti ya tuna da ita.

Dabarar ta yi ta aiki har ranar da kwalba ta yanki 'Yar Shiru. Aminiyar Yaya ce, mace da za ka wuni da ita ba ka ji muryarta ba. Tana kwasar shara da hannu, fasasshiyar kwalba ta tsaga mata tafi, ciwon ya yi ruwa, aka kwantar da ita asibiti. Wannan ba ya ɓoyuwa. Ɗan kwangila ya ce ya sallame ta, ga yara a gabanta ba uba.

Yaya ta haɗa layinta da na 'Yar Shiru. Wata ya bi wata, ta soma tafiya a karkace, hannu dafe da ƙugu. Shayin da nake saya mata da safe sai ya huce a kan dakali kafin ta waiwaye shi. Raina ya ɓaci.

"Yaya, albashinta fa aljihunsa yake shiga, ke kuma bayanki ne ke biya."

"Ya ci, Auta. Muddin layin na da tsabta ba zai ɗauko wata ba. Gurbinta nake tsaro."

Daga nan ta fara tara matan a ɗakin ajiye tsintsiya da ke bayan banɗakin tasha. Ɗaki ne mara taga, a kan kifaffun bokitai ake zama. Sun sami wata lauya da ta ce korar ba ta kan ƙa'ida, amma kai ƙara da zirga-zirga sun fi ƙarfin aljihunsu. Sai ɗiyar wata daga cikinsu ta gani a waya cewa akwai gidauniyar da ke ba ƙananan ƙungiyoyi ɗan tallafi, ta aika musu saƙo. Amsa ta zo: za a turo wata ta gan su.

A nan Yaya ta rikice. Matar da ba ta tsoron ɗan kwangila, kunyar baƙo ta kama ta.

"Mutuniyar kirki za ta taso takanas, mu zaunar da ita a bakin banɗaki? Ta ce mu ba mutane ba ne?"

Ta je ta tsare mijin ƙanwarta, dillalin gidaje, sai da ya ba ta makullin ofishinsa na wuni guda. Suka sauke hotunan gidajen da ke bango, suka goge tayil har ana ganin fuska. Kowace ta aro abin da ta iya: mayafi, jaka, takalmi mai tsini. Yaya ta ba da doka: kowa ya ɓoye hannunsa a cikin mayafi, musamman 'Yar Shiru, kada baƙuwa ta ga kaushi da tabo ta tsorata.

Ni na ɗauko baƙuwar a motata. Wata siririya ce mai tabarau, takalminta ma na roba ne. Muka shiga, na tarar da Yaya a kan kujera mai juyawa, ta riƙe tebur gam don kada kujerar ta tafi da ita, muryarta ta koma ƙasa-ƙasa kamar ta amarya. Sai da na ciji leɓe.

Baƙuwar ta saurare su da kyau. Amma na lura idonta na yawo: na'urar sanyaya ɗaki, kwamfuta, labule. Da suka gama ta gyara tabarau.

"Mama, aikinku ya burge ni, wallahi. Sai dai tallafinmu ɗan kaɗan ne, kuma na waɗanda ko wurin zama ba su da shi ne. Ku kun riga kun wuce mu. Zan haɗa ku da manyan gidauniyoyi, ko da yake su sukan ɗauki lokaci."

Matan suka yi tsuru-tsuru. 'Yar Shiru ta sunkuyar da kai. Lokaci shi ne abin da ba su da shi, domin bayan Yaya ya kusa gazawa, ranar da ya gaza kuwa layin ya tafi.

Baƙuwa ta ɗauki jakarta. Sai Yaya ta saki tebur, kujera ta juya da ita rabi, ta dafa bango ta miƙe. Muryarta ta asali ta dawo, har gilashin taga ya amsa.

"Malama, tsaya! Ofishin nan aro ne! Kujerar nan aro ce, ni tun ɗazu jiri take sa ni. Mayafin nan ma na maƙwabciyata ne."

"Jakar nan ta kishiyar ƙanwata ce," in ji wata, ta ɗora ta a tebur. Wata ta tuɓe takalmi mai tsini ta yi ajiyar zuciya. "Ni dama ya ishe ni."

Baƙuwar ta saki baki, sannan ta fashe da dariya har ta cire tabarau tana share ido. "To ina ne naku?"

Na kwashe su zuwa tasha. Baƙuwar ta sunkuya ta shiga ɗakin tsintsiya, ta jawo bokiti ta kife da kanta ta zauna. Zafi ya sa mayafai suka sauka, hannaye suka fito. Ta kama hannun 'Yar Shiru ta buɗe tafin, ta daɗe tana kallon tabon, dariyar ta ɗauke. Daga nan matan suka yi magana irin wadda ba su yi a ofis ba, kowa na katse kowa. Ni ina bakin ƙofa, wani nauyi ya sauka daga ƙirjina.

Tallafin ya zo, ba mai yawa ba, amma ya ɗauki nauyin ƙarar, ya sayi safar hannu, ya kuma zuba wa motata mai na yi ta kai su ofishin hukumar tasha har aka gaji da ganinsu. Da hukuma ta ce za ta sake duba kwangilarsa, mai turare ya tuna cewa dama shi bai kori kowa ba.

Ranar da 'Yar Shiru ta dawo, da safe na kawo shayi na ajiye a dakali kamar kullum. Yaya ta gama layinta, ta ɗaga tsintsiya za ta tsallaka na gaba. 'Yar Shiru ta sa tata tsintsiyar ta tare mata hanya.

"Yaya, nan nawa ne."

Yaya ta tsaya tana dube-dube, ta rasa abin da za ta yi da hannunta. Ta zo ta zauna kusa da ni, ta ɗauki kofin ta kurɓa, ta yi wuf ta janye baki.

"Auta, ashe da zafi kake kawo shi?"