Bankin da Ya Ba Madam Keken Ɗinki

Da aka yanke mana jiha, ina cikin ƙananan ma'aikatan da aka kwaso daga Kano aka zube a Dutse. Ofishinmu na ma'aikatar gona tsohon sito ne aka raba da katako, kuma ɗaki guda muke da mai buga tafireta, wata Kirista daga tsaunukan tsakiyar ƙasar nan da kowa ke kira Madam. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta biyu suna can gida wajen mahaifiyarta. Mace ce mai dariya da ƙarfi, wadda in ta ga abin alheri ba ta iya cin sa ita kaɗai.

Albashinmu duka a banki guda yake sauka. Ƙarshen wata sai ka yi sammako ka karɓi lamba, ka nemi inuwa ka zauna. Wata rana a kai azahar, wata rana a leƙo a ce motar kuɗi ba ta iso daga Kano ba, kowa ya dawo gobe. Mun saba, har mukan mai da abin raha.

Rahar ta ƙare mini ranar da aka aiko cewa maiɗakina tana asibiti a Jahun, naƙuda ta zo da gardama, ana neman jini da magani. Na ruga banki, na kutsa har gaban kanta na yi wa kashiya bayani. Ko ɗaga kai bai yi ba.

"Malam, duk wanda ka gani a nan da uzurinsa. Koma ka jira lambarka."

Na jira. Sai bayan la'asar na sauka a Jahun. Ita ta rayu, yaron bai zo da rai ba. Ban taɓa cewa layin banki ne ya kashe shi ba, wanda bai da rabon shan iskar duniya ba zai sha ba. Amma daga ranar, in na bi ta gaban ginin nan sai in kau da kai.

Ana haka wani sabon banki ya buɗe reshe a garin. Samari masu ɗaure da laktaye suka riƙa bin ofisoshi suna gaishe mu da "ranka ya daɗe", mu da ko masinja ba ya ce mana haka. Suka ce babu layi, babu lamba. Wanda ya maido albashinsa za a ba shi agogon bango, kuma lokaci-lokaci za a jefa ƙuri'a, mai rabo ya samu babur ko firji. Ni ba kyautar ce ta ja ni ba. Na shiga na ga kujeru da sanyi, wata yarinya ta ce in zauna ita za ta kawo mini kuɗina, shi ke nan na sallama. Na buɗe asusun da ake cira da cak, wanda ba ya haifar da ruwa, na rufe tsohon ba tare da na yi wa kowa sallama ba.

Madam ta biyo ni a watan. A ƙuri'ar farko kuwa sunanta ya fito, aka ba ta keken ɗinki sabo fil. Manaja da kansa ya miƙa mata, aka ɗauki hoto aka manna a bangon banki. Ta dawo ofis tana rawa a bakin ƙofa.

"Malam, tun da aka haife ni ban taɓa cin ko allura ba. Ka ga Allah?"

Daga nan ba wanda ya kai ta tallar bankin, kuma ba a biyan ta ko kwabo. Ta kai masu sayar da abinci na bakin sakatariya. Ta kai direbobinmu. Babban abin shi ne zumuntar matan cocinsu, waɗanda suka daɗe suna tara abin da za su yi wa ɗakin ibadarsu rufin kwano. Ita ce ma'ajiyarsu. Ta tsaya gabansu ta ce ta gani da idonta, suka yarda, aka kwashe komai aka mai da can.

Ni ma na riƙa barin wani abu a ciki duk wata. Mahaifina manomi ne a wani ƙauye kusa da Miga, ƙarfinsa ya fara raguwa, na yi masa alkawarin shanun huɗa kafin damina.

Kusan shekara biyu muna jin daɗi. Sannan abin ya fara da kaɗan-kaɗan. Yau a ce a dawo da yamma, gobe a ce ba za a iya ba ka duka ba, ka karɓi rabi. Aka daina kunna janareto. Yarinyar da ke cewa a zauna ta daina zuwa aiki. Rediyo na ta faɗar bankunan da suka durƙushe a kudu, amma muka ce namu daban ne. Na tambayi manaja, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar matsala ce daga hedikwata, kwantar da hankalinka."

Wata Litinin muka tarar da kwaɗo a ƙofa da ɗan sanda a kan benci. Mutane suka taru, ba mai magana da ƙarfi. Wani tsoho mai sayar da ridi ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa, yana ta kallon cikinta. Ta gilashin taga ana hango hoton Madam a bango, tana dariya, hannunta a kan keken.

Na je ƙauye na faɗa wa mahaifina. Ya ce, "Allah Ya sa iyakar asarar ke nan." Damina ta sauka, ya ɗauki garmarsa ta hannu kamar kullum. Kafin a kai ga maimai bayansa ya riƙe, rabin gonar gero ta koma ciyawa. Bai sake noma da kansa ba har ya bar duniya.

Na Madam ya fi nawa muni, domin ita ba asararta kaɗai take ɗauke da ita ba. Ba wanda ya ce ta ci kuɗin kowa, amma aka fara cewa ai ba banza aka ba ta keke ba. Masu abinci suka daina amsa gaisuwarta. Ta sa aka ɗauki keken a baro aka kai coci, ta ce a sayar a rage asara. Matan suka ce a mai da mata kayanta. Ta gaya mini wannan tana buga wasiƙa, ba ta tsaya da bugun ba.

"Da sun zage ni, Malam, da ya fi mini sauƙi. Yanzu in na zauna a benci, sai a matsa."

Ta rame. Dariyar nan da ake ji har ofishin darakta ta ɓace. Ni kuwa, tun da dole albashi ya sauka a wani wuri, na koma tsohon bankin na sake karɓar lamba.

Da aka ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, aka yi ta wa'azi a kan riba. Wani abokina ya ce mini abin da ya same mu ishara ce ga masu cin kuɗin ruwa. Na ce masa asusuna bai taɓa haifar da ruwa ba, kuma rufin ɗakin ibada matan nan suke tarawa. Ya ce to, ai ƙuri'ar ma caca ce.

A lokacin labarin tashin hankali a wasu garuruwa ya riƙa iso mana. A Dutse ba wanda ya taɓa ta, amma 'yan'uwanta suka matsa mata da saƙo cewa ta dawo gida. Wasu daga cikin mutanensu sun tafi na ɗan lokaci sun komo. Ita ta ajiye aikin gaba ɗaya, saura 'yan shekaru ta cancanci fansho. Na ce mata ta yi haƙuri ta ƙarasa.

"Da ina da wanda zan zauna dominsa a garin nan, da na zauna," in ji ta.

Ni da maiɗakina muka raka ta tasha. Daga cocinsu mace ɗaya ce ta zo, ita ma ba ta jira motar ta cika ba. Maiɗakina ta ba ta ƙullin kuka da daddawa, suka riƙe hannun juna ta taga har direba ya tayar.

Bayan wasu shekaru aka yi shela cewa masu ajiya a bankin da aka rufe su je Kano a ba su wani abu. Na je, abin da na karɓa ko ɗan maraƙi ba zai saya ba. Na tambayi wani ɗan garin su Madam da na gamu da shi a layin ko ta zo. Ya ce ai Madam ta rasu tun bara waccan, hawan jini ne, kuma 'ya'yanta ba su san ma akwai abin karɓa ba.