Cigiyar Labule a Liwan

Ko na tsufa na manta sunan titunan Guangzhou, ranar da na yi cigiyar labule a Liwan ba za ta fita daga raina ba.

Ƙarshen shekarun casa'in ne, na je saro kaya. Muna wucewa da abokina, wani Bamarade da ya ɗan iya Sinanci, sai muka ga ana rushe wani tsohon gidan wasan kwaikwayo. A cikin ɓaraguzai na hango jan labule na siliki, an yi masa aikin furanni da zaren zinariya. Na ɗauka na kakkaɓe. Ban taɓa ganin ɗinki irinsa ba a duk yawona na unguwar Liwan.

Ina son labulen, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Ni mutum ne mai yawan wasuwasi, kuma tun ina ƙarami aka koya mini cewa tsintuwa sai da cigiya. Ga shi washegari za a rufe kwantenar kayanmu. In ban sami mai shi ba, a nan zan bar shi.

"Alhaji, cigiya a China?" in ji abokina. "Juji ne fa! Sai ka nemo mai shela da ganga."

Na ce, "Kai dai tambaya mini."

Shugaban ma'aikatan ya kaɗa hannu ya ce "meyo", wato babu mai shi. Ban gamsu ba. Na ɗaga labulen sama na tsaya a bakin titi, mutane suna kallona suna dariya.

Can sai wata tsohuwa ta ajiye kwandon cefanenta ta shafa furannin. Abokina ya fassara mini: a bayan labulen nan take tsayawa tana budurwa kafin ta fito ta yi waƙa, kuma ita da ƴan ƙungiyarsu suka ɗinka shi. Na miƙa mata da hannu biyu. Ta tura mini shi, ta ce ɗakinta ba zai ɗauka ba, in kai shi inda za a rataya.

Washegari da safe ta dawo da wasu tsofaffi, kowa da ƙunshinsa: rigunan wasa, mayafan tebur, tutoci, duk suka ba ni. Daga nan na fara tara su, har yau suna ɗakina a Kano.

Abokina bai ƙara yi mini dariyar cigiya ba. Ni kuwa na koyi cewa ko abu a juji yake, ka tambaya. Da na naɗe shi na wuce, da ƙyalle ɗaya zan samu, kuma da ban yi barci a kansa ba.