Keken da Baba Ya Naɗe

Ranar da Baba ya sayo keken nan a kasuwar Gwaram, da aka sauke shi daga mota bai hau ba, turo shi ya yi har ƙofar gidanmu a Kiyako. Na hannu ne, mai tayoyi masu kauri da giya, kansa a miƙe kamar sanda. Kore ne shar. Ganin da muka yi wa launin ke nan, don washegari Baba ya yanka tsohuwar robar taya siri-siri ya naɗe ƙarfen tas, kamar yadda ake yi wa sabon keke kada fenti ya koɗe.

Inna ta ce, "Malam, ka sayo kore ka mai da shi baƙi."

Ya ce in ya tsufa ya daina hawa, zai warware ya sha kallo.

Ban taɓa ganin mutumin da ke lallaɓa ƙarfe kamar Baba ba. Giyar nan bai taɓa canza ta ba, wai kada sarƙa ta gaji. In ya zo wurin duwatsu a hanyar gona sai ya sauka ya tura, mu kuwa ko ƙararrawa ba mu isa mu taɓa ba. Haushi nake ji a lokacin, ba na ɓoyewa.

Sai da na girma ina aiki a Birnin Kudu na ci karo da tarihin irin wannan keke a waya. Ashe wasu samari ne a Amurka suka riƙa tsinto tsofaffin kekunan da aka yar, su sa musu hannun birkin babur, su gangaro da su daga kan dutse. Ƙarfe ya karye su yi masa walda, su ƙuje gwiwa su sake hawa, har wasunsu suka fara ƙera nasu da hannu. Mutanen nan sun burge ni ƙwarai, don ba wanda ya sa su.

A lokacin idon Baba ya fara tafiya, irin ciwon da likita ya ce ba ya dawowa. Da na je gida na ba shi labarin, sai ya ce, "Wato don dutse aka yi shi, ni kuma ina ta tura shi?" Ya yi dariya har da tari. Daga nan ya ce in fito da keken tsakar gida mu warware, tun yana iya bambance launi.

Robar ta manne, sai da na sa reza. Koren ya fito kamar jiya aka shafa shi. Baba ya matso da fuskarsa dab da ƙarfen, ya juya ta nan, ya juya ta can.

"Koren yana nan?"

Na ce, "Yana nan, Baba."

Zuciyata ta karye. Ya bi mahaɗar ƙarfen da yatsa a hankali, ya ce wanda ya yi waldar nan ba shi da ha'inci. Inna ta miƙo sabuwar roba, ya ture hannunta.

Ya ce, "Kada a sake naɗe shi. Hau ka kai shi kan dutsen bayan gona, ka canza giyar nan. Ni dai in ji ƙararta."